Sarƙa ba ta tsufa ita kaɗai

Malamin da makarantarsa ke bayan gari, babur ne ƙafarsa. Daga gidana a Maraɗi zuwa ajina, rabin hanya kwalta ce, rabi rairayi, kuma duk ƙarfin injin yana isa ƙasa ne ta hanyar abu guda: sarƙa. In ta tsinke, ɗalibai su wuni suna kallon allo. In ta zame ta sarƙe ƙafar baya ana cikin gudu, magana ta wuce ta makara, ta zama ta asibiti.

Muna cewa sarƙa ta miƙe, alhali ƙarfenta ba ya miƙewa kamar roba. Kowace gaɓa tana juyawa bisa wata ƴar ƙusa. Ƙurar hunturu da rairayin bakin gulbi suna cakuɗa da mai, su zama kamar dutsen wasa wuƙa, su riƙa cin ƙusoshin kaɗan-kaɗan. Ɗan ramin da ya samu a kowace gaɓa, in an tara shi sau ɗari, shi ne tsawon da muke gani. Gwajin ba ya buƙatar garaji. Gaɓa 20 na sabuwar sarƙar ƙaramin babur milimita 254 ne. Idan awo ya kai 259, kwananta ya ƙare. Wanda ba shi da abin awo, ya ja sarƙar daga bayan babban faifan haƙora: in ta ɗago har rabin haƙori ya bayyana, hukuncin ɗaya ne.

A hunturun da tawa ta kai wannan hali, bakanikena, dattijo mai ƙarancin magana, ya shafa haƙoran faifan da yatsa, ya nuna mini yadda suka lanƙwashe kamar ƙugiya.

"Mushe, sarƙa kaɗai za ka saya, ko ka shirya rabuwa da su duka uku?"

Ukun da yake nufi su ne sarƙar, da ƙaramin faifan gaba na jikin inji, wanda Faransanci ke kira pignon, da babban faifan ƙafar baya, wato couronne. Tare suka yi aiki, tare suka cinye juna. Tsoffin haƙora sun saba da tazarar tsohuwar sarƙa. In aka ɗora musu sabuwa, za su tilasta mata ɗaukar tasu tazarar cikin ƴan watanni. Ga mai jiran albashin ƙarshen wata, sayen guda ɗaya ya fi sauƙi a ranar, amma araha ba ta ado.

Da yake duka ukun za su tafi, sai ya kawo shawarar barin lamba 420 a koma 428. A nan ne malamin harshe ya farka a cikina, don lambobin nan karatu ne. Mu da muka tashi da awon mita, sarƙar baburanmu da inci take magana, awon Ingila, ƙasar da Hans Renold, ɗan asalin Suwizalan, ya ƙera irin wannan sarƙa mai ƴan ganguna a 1880. Lambar farko tana faɗin tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa, ana lissafa ta da kashi ɗaya cikin 8 na inci. Huɗu na nufin rabin inci, wato milimita 12,7. Biyar, kamar a sarƙa 520 ta manyan babura, na nufin milimita 15,875. Sauran lambobin suna nuna faɗin cikin sarƙar: milimita 6,35 ga 420, kusan 8 ga 428.

Ke nan 420 da 428 tazararsu ɗaya, faɗinsu da kaurin gangunansu ne suka bambanta. Wannan kamar ita ke yaudarar mai gaggawa. Sarƙa 428 tana iya hawa siraran haƙoran 420, amma za ta yi ta lilo hagu da dama, ba ta zauna daram ba. Ita kuwa 420 ba ta ma shiga haƙoran 428. Canjin lamba sai da faifai biyu masu lamba ɗaya da sarƙar, kuma sai an duba cewa mai faɗin ba ta gogar murfi ko jikin inji.

Ribar 428 ita ce nauyin aikin ya bazu a kan ƙarfe mai faɗi, don haka ta fi jure kaya da rairayi. Shi ya sa ƴan kabu-kabu da masu dakon buhuna ke son ta. Kuɗinta ya ɗara, nauyinta ma haka. Abin da ba ta yi shi ne ƙara gudu. Gudu da ƙarfin ja suna hannun yawan haƙora. Haƙora 14 a gaba da 36 a baya na nufin faifan gaba ya juya kusan sau 2,6 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. A mai da na baya 41, lissafin ya koma 2,9: babur ya fi ƙarfin fita daga rairayi, amma ya rage gudu a kwalta, ya ƙara shan mai. Na bar yawan haƙorana yadda yake, don hanyata rabi da rabi ce, na karɓi 428.

Na tsaya na ga yadda dattijon ya gama aikin. Ya daidaita ƙafar baya da alamomin gefe biyu don sarƙa ta tafi miƙe. Ya bar mata sassaucin santimita 2 zuwa 3 a tsakiya, saboda mai tsauri ta fi mai sako-sako saurin mutuwa, kuma tana cin inji. Ya sa ƴar maƙalar makulli rufaffen kanta na fuskantar inda sarƙa ke tafiya, don kada wani abu ya fizge ta. Sa'annan ya ɗiga mai kaɗan ta ciki, ya goge saura da tsumma, yana cewa man da ya yi yawa abincin ƙura ne.

Abokan aiki masu bin irin hanyata, ku karanta lambar da ke hatimce a gefen sarƙarku kafin ku shiga kasuwa, ku ƙirga haƙoran faifanku, ku kuma tanadi kuɗin uku tun sarƙa ba ta fara kuka ba.