Bikina ba anko, ba dina, kuma lafiya lau

Saura wata biyu a ɗaura min aure. Ba kamu, ba dina, ba anko. Tunda na faɗa ake ta bi na ta WhatsApp ana tambaya wai ko angon ne ba shi da hali. Bari in yi bayani sau ɗaya kowa ya huta.

Ga abin da za a yi: ɗaurin aure ranar Juma'a a masallacin unguwarmu, walima a tsakar gida, washegari a kai ni ɗakina. Lalle kam zan sa, wannan ni nake so.

Na ga bikin yayata da idona. Kwana biyar ana abu ɗaya. Abba ya sayar da filinsa ya yi mata gado, kujeru, kayan kicin da gara. Hotuna sun yi kyau wallahi. Amma bayan biki mun fi wata shida ba a sa nama a miya kamar da ba, kuma ba wanda ya ɗora wannan a Instagram.

Mutane suna yawan kukan tsadar lefe, suna mantawa uban amarya ma ana gasa shi. Mu 'yan mata huɗu ne a gidan, Abba kuma ɗan fansho.

Anko fa? Ƙawata da ke bautar ƙasa alawus ɗinta dubu 77. Ta sayi yadi a Kantin Kwari, ta biya tela, ta biya mai kwalliya da ɗaurin kallabi, ta ba da kuɗin ƙawaye. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin adaidaita ma ya koma. Ba zan sa ta ci bashi don hotona ya yi kala ɗaya ba.

Lefe na ce masa akwati biyu ya isa, kuma ba za a baje shi a tabarma ana ƙirga atamfa nawa, leshi nawa, ana ɗaukar bidiyo ba. Har kayan ciki sai an ɗaga an nuna wa maƙwabta, haba jama'a. Aure da waliyyi, shaidu, sadaki da siga yake ɗauruwa. A Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne. Akwati ba ya cikin lissafin.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda abin ya yi wuya wajen Umma ne.

Gwaggo ta ce min, "Ke 'yar nan, sai ka ce auren bazawara?" Ban ma tanka ba, don ban ga laifin bazawara ba. Umma ita ba ta yi faɗa ba. Littafi ta ɗauko min, tsohon littafin makaranta da bangonsa ya yage.

A ciki ta rubuta duk gudummawar da ta kai bikin mutane, sama da shekara 20. Wance turmin atamfa, wance kwanon samira, wance dubu biyu lokacin da dubu biyu kuɗi ce. Ta ce, "Biki bashi ne. Na yi wa mutane, ranar taki ce za su yi min. In kin hana taro, da wane ido zan kalle su?"

Mu muna ganin biki na amarya ne. A wajen iyayenmu mata wani irin adashi ne da ake zubawa da kuɗi, da ƙafa, da kwana a gidan mutane ana tuƙa tuwo. Ranar kwasarta ce nake shirin sokewa, alhali ba ni na zuba ba.

Sai muka raba. Yinin biki nata ne: rumfa a ƙofar gida, ƙawayenta, masu kiɗan ƙwarya, waina da alkaki. Zan fito in gaishe su da atamfar da nake da ita. Dina da wurin taro na haya da mai gabatarwa, waɗannan ba bashin kowa ba ne, mu muka ƙirƙiro wa kanmu, don haka na yanke. Kamu ma na tsaya a kan bakana.

Kayan ɗaki: gado, katifa, kujeru, tukwanen da zan yi girki da su da gaske. Ba na son jeren kwanukan da sai dai a goge musu ƙura.

Saura gara, har yanzu ba mu daidaita ba. Na ce a bar ta. Umma ta ce amaryar da ta shiga gidan miji ba buhun shinkafa, ba man gyaɗa, ba dubulan, gorin da za ta sha sai ta yi jika ana tuna mata. Kuma ni zan zauna da dangin mijin, ba masu yi min tafi a nan ba.

Angon ya ce shi ba ya buƙata. Na ce masa ba ni zai faɗa wa ba, ya je ya faɗa wa Hajiyarsa da yayyensa mata, da bakinsa. Ya ce ranar Lahadi zai je.