Ɗaki a Bayan Roka

Mu tara ne muka kwana a zauren wani mai sayar da hatsi a Umarari, daren da za mu bar Maiduguri, a ƙarshen Disamban 2000, saura kwana huɗu Sallah. Mako shida muka yi muna yankan shinkafa a fadamun Zabarmari, lauje ya cinye mana tafin hannu, aka sallame mu da 'yan kuɗi da buhunan shanshera. Wasunmu ɗalibai ne masu neman kuɗin rajista, sauran magidanta ne daga ƙasar Sakkwato, waɗanda wannan tafiya ta zame musu al'adar kowace kaka.

Kuɗin bas ya fi ƙarfinmu, don haka muka daidaita da direban wata tsohuwar roka mai komawa yamma. Muka jera buhuna suka zama bango, muka ɗaura tamfol ya zama rufi, muka shimfiɗa tabarmi, aka kafa risho a kusurwa. Kafin hantsi mun yi ɗaki mai tafiya, har da wurin rataye buta. Shekaru da yawa bayan haka muka karanta littafin Jessica Bruder na 2017 a kan tsofaffin Amurka masu kwana a cikin motocinsu suna bin aikin lokaci daga jiha zuwa jiha, muka yi murmushi, domin mun san irin wannan gida, sai dai namu ba shi da ƙofa.

Tsakanin Maiduguri da Kano tafiya ce ta kusan kilomita 600, amma hazo ya mayar da ita ta raƙumi. Mun wuce Benishek direba na lalube, fitilunsa a kunne da rana tsaka. Bayan Damaturu, gab da Fataskum, garin da ya yi suna wajen sanyi, injin ya yi tari ya mutu. Yaron mota ya tafi neman makanike, mu kuwa dare ya rufe mu a daji.

A nan muka san bambancin sanyi da ɗari. Jaura ta riƙa shigowa ta kowace huda ta tamfol, leɓɓa suka tsattsage, fason ƙafa ya buɗe har da jini. Babbanmu, wani dattijo da muke kira Baba, ya fara kakkarwa, numfashinsa na fita da ƙara. Muka tambayi bargonsa, ya yi shiru. Ashe ya sayar da shi a Kasuwar Litinin ya cika kuɗin atamfar 'yarsa, kuma atamfar tana nan a ƙirjinsa cikin leda. Muka ce ya warware ta ya lulluɓa.

"Yara, ku bar ta," in ji shi, "sabuwa zan kai ta."

Mun yi jayayya ƙasa-ƙasa, abin da har yau muke jin kunyarsa. Kowa na ganin nasa bargon bai ishe shi ba. A ƙarshe muka zazzage buhu biyu a kan tabarma, muka zura Baba cikin ɗaya, muka rufa masa ɗaya, muka kewaye shi da jikkunanmu kamar kaji, mai risho na dafa ruwan citta har kananzir ya ƙare. Da asuba ya buɗe ido ya tambayi ko an yi sahur.

Adabinmu cike yake da madugu da jagaba da zango, mu ma muna koyar da su a aji kowace shekara, amma ayarin bayan roka bai sami marubuci ba tukuna, wataƙila don ba goro ko gishiri yake ɗaukowa ba. Kwana biyu muka yi a wurin. Sallah ta riske mu a hanya, muka bi Idi a wani ƙauye da ƙura a gira, Baba ya sauka a Talata Mafara da ledarsa.

Ranar 28 ga Nuwamba 2020 aka yi wa masu yankan shinkafa yankan rago a Koshebe, kusa da Zabarmari, washegari aka binne mutum 43. Rahotanni sun ce akwai 'yan ƙwadago daga Sakkwato a cikinsu. Muka yi ta kiran juna a waya, mu huɗun da ba mu ɓace wa juna ba, sai a lokacin muka gane cewa babu ɗayanmu da ya taɓa tambayar Baba sunansa na yanka.