Wa Ya Tambayi Abin da Ya Kashe Yaron?

Makon jiya na je gaisuwar rasuwa a wani ƙauye kusa da Illo. Yaro ne ɗan shekara uku. A waje aka yi ta "Allah ya sa mai ceto ne", muka shafa. Da na shiga cikin gida na ce wa kakarsa, "Inna, me ya same shi?" ta ce zazzaɓi ne, sai jijjiga.

Da na ƙara zama, sai maganar ta warware. Kwana biyu ana ba shi maganin kemis. Rana ta uku uban yana kasuwar Tsamiya, ba mai ba da izinin fita da shi. Rana ta huɗu ruwa ya cinye hanya, babur ya kasa wucewa. Da suka isa asibiti aka ce jininsa ya ƙare, wurin ƙarin jini kuma da nisa. Ban da ni, ba wanda ya taɓa tambayarta wannan, kuma babu takardar da sunan yaron ya shiga.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Kebbi, cikin yara 1,000 da aka haifa, 252 ba sa cika shekara biyar. A lokacin babu jihar da ta kai mu. A zazzaɓin cizon sauro ma mu ne kan gaba, shi ya sa aka fara rigakafinsa da Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. Sai dai adadi ba ya gaya mana a wace rana yaron Illo ya kuɓuce mana.

Ma'aikatar lafiya tana da tsarin bitar mutuwar masu juna biyu da jarirai: a zauna, a bi abin daki-daki, ba don a ɗora wa kowa laifi ba. Amma yawancin namu a gida suke rasuwa, ko a hanya. Ga kuma iyaka. Wanda aka tsallaka da shi Segbana ko Malanville neman magani ya cika a can, littafin wa zai shiga? Haka matasan da kogin Kwara ke ci. Kowa ya ji kifewar jirgin Warrah a Mayun 2021 saboda yawan mutanen. Yaro guda da ya faɗa daga kwalekwale a Lolo fa?

Na san za a ce kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka. Tambaya ba jayayya da ƙaddara ba ce. Abin da nake roƙo, bayan sadakar bakwai, mai unguwa da liman da ungozoma da ma'aikacin asibiti su zauna da iyayen, cikin tausasawa, su rubuta abin da ya faru, a kai ƙaramar hukumar Bagudo. Yaron nan yana da ƙanwa 'yar wata takwas, kuma damina ba ta wuce ba.