Godiya ga Baba Kafinta

Baba, na san ba kwa son godiya a bainar jama'a. Ranar da na miƙa muku ambulan kun ture hannuna, kuka ce in saya wa yara alewa. To, wannan dai ba kuɗi ba ne, babu yadda za ku ture shi. Zan turo autana shago ya karanta muku.

A ƙarshen Afrilu aka shimfiɗa mana daɓen laminet a falo, irin wanda in ka gani sai ka rantse katakon maɗaci ne. Uwargida ta daɗe tana so, wai tayil ya cika sanyi da hunturu. Shagon da ya sayar mana shi ya turo yaransa, yini ɗaya suka gama. Damina ba ta gama zama ba tsakiyar falon ya yi tozo, bakin allunan ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, ƙofa ta daina buɗuwa sai an sa kafaɗa. Na je wurin mai shagon, ya nuna mini gindin rasit inda aka buga cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, ya ƙara da cewa mata ne ke kwarara ruwa wajen goge-goge. Na dawo gida na maimaita wa uwargida maganar. Har yau ina biyan bashin wannan suɓutar baki.

Ƙofar kawai na kira ku ku rage wa gindi. Kuka ajiye zarto, kuka durƙusa da gwiwoyin nan naku masu ciwo, kuka ɓamɓare katakon gindin bango. A nan kuka koya mini abin da ya kamata in sani tun kafin in zaro kuɗi: laminet garin katako ne da aka matse, aka manna masa hoton itace, aka rufe da fata mai tauri. Yana shan danshin iska ya buɗe, ya tsuke da rani, shi ya sa ake bar masa rata ta milimita 8 zuwa 10 a jikin kowane bango, ake barin kwalayen su kwana biyu a ɗakin kafin a shimfiɗa, ake kuma sa leda tsakaninsa da siminti. Namu an danna shi har jikin bango, leda kuwa ko ƙyalle babu. Kuka gwada kaurin allo ɗaya ya ba da milimita 8, alhali 12 aka rubuta a rasit. Sannan kuka sa aka ja kabet ɗin da tsumma bai taɓa shiga ƙarƙashinsa ba, sai ga kumburin nan ma. Kuka dubi uwargida kuka ce, “Hajiya, ba ruwanki.”

Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne babban yaron da ya yi aikin a hannunku ya koyi riƙon guduma. Da kun so, da kun rage ƙofar kun karɓi ladanku kun yi shiru, ba wanda zai ga laifinku, ni ma ba zan taɓa ganewa ba.

'Yar ƙanwata mai karatun lauya ita ta ɗora daga nan. Ta ce dokar 2018 da ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ba mai saye wata uku daga ranar da aka kawo masa kaya ya mayar da su in suna da aibi, a gyara, ko a canja, ko a ba shi kuɗinsa, kuma rubutun gindin rasit bai isa ya kashe wannan haƙƙi ba. Muka ƙirga, saura mana kwana tara. Ta rubuta takarda, muka haɗa da hotuna da rasit da guntun allon. Sai dai ni a ganina takardar ba ita ta karya wa Alhaji mai shagon gwiwa ba. Ku ne, da kuka rufe shagonku kuka bi ni, kuka ɗora allon a kan teburinsa tare da ma'auni, kuka ce, “Alhaji, gwada da hannunka.” Da ya fara kame-kame kuka tuna masa, ba tare da ɗaga murya ba, cewa tun kafin wata hukuma malaman fiƙihu sun yi babin mayar da haja saboda aibi.

Ba mu kai ga hukumar ba. Cikin mako guda aka kwashe tsohon daɓen aka kawo mai milimita 12, kuka zauna a kan kujerar roba daga hantsi har la'asar, kuna kallon tsohon yaronku yana cusa 'yan guntayen katako a jikin bango don ratar ta fita daidai. Na ji abin da kuka faɗa masa a soro, amma wannan tsakaninku ne.

Allah ya saka da alheri, Baba, ya ƙara lafiyar gwiwa, ya jiƙan magabata. Uwargida ta ce a gaya muku dambun da za a kawo ranar Juma'a ba ambulan ba ne, kada a dawo mata da kwanonta a cike.