Kafin Ka Ce "Ya Yi Kyau"

Duk wanda ke cikin guruf ɗin WhatsApp na ajinsu ya san yadda abin yake. Wani zai saka hoton da ya ɗauka, na faɗuwar rana a bayan hostal ko na mai shayin bakin get, kafin minti biyar amsoshi sun cika: "Masha Allah", "Ya yi kyau", ga alamar wuta guda uku a jere. Can sai wani ɗan barkwanci ya ce, "Malam, da tukunya ka ɗauka ne?" a kwashe da dariya. A cikin mutum arba'in babu wanda ya faɗa masa komai game da hoton kansa.

Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoto. Da waya na fara, yanzu nakan ari kyamarar yayana in an samu biki. Abin da na lura shi ne, da yawa daga cikin masu ɗaukar hoto a makarantar nan ba wasa suke yi ba. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai, ranar da 'yan ajin ƙarshe ke sa hannu a farar riga, da bukukuwan aure a cikin gari, nan suke samun kuɗin abinci da na takardu. To idan mu abokansa mun yi ta ce masa ya yi kyau alhali fuskokin mutane na fitowa duhu, amarya ba za ta raga masa ba. Za ta riƙe ragowar kuɗinsa, ta kuma gaya wa ƙawayenta. Biki kuwa ba a maimaita shi don mai hoto ya gyara. Shi kuma wanda aka yi wa dariya, sau da yawa daga ranar ba ya ƙara nuna wa kowa aikinsa.

Abu na farko da nake yi idan aka miƙo min waya aka ce "duba min wannan" shi ne tambaya: me kake so mu gani? Dalilina ga shi. J.D. 'Okhai Ojeikere, shahararren mai ɗaukar hoto na Nijeriya da ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan dubu. Da yawansu daga ƙeya ya ɗauke su, ba a ganin fuska. Wanda ya haddace cewa dole hoton mutum ya nuna ido zai ce an yi kuskure, alhali kitson ne abin da ake son nunawa. Haka Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948, yakan zaunar da mace mai atamfa a gaban wani ƙyalle mai zane, zane kan zane. A aji ana koya mana cewa bayan hoto ya zama ba hayaniya, amma shi da gangan ya yi, kuma yau ana baje hotunansa a manyan gidajen tarihi na duniya. Idan ba ka san nufin mutum ba, da ma'aunin wani za ka auna aikinsa.

Bayan ya ba ni amsa, sai in faɗi inda idona ya fara sauka. Wata 'yar ajinmu ta taɓa nuna min hoton da ta ɗauka a Hawan Daushe. Ta ce kwalliyar dokin take son a gani. Na ce mata, "Gaskiya ni idona kan jar lemar can ta gefe ya fara zuwa, sai daga baya na ga dokin." Ban ce hoton ya yi muni ba, kuma ban ce ya yi kyau ba. Ita da kanta ta sa yatsa ta yanke gefen, dokin ya cika hoton. Mutum zai iya yin musu da hukuncinka, amma da wuya ya yi musu da abin da idonka ya gani.

Sannan gyara, kuma guda ɗaya tak, tare da dalilinsa. Ɗauki matsalar da ta fi damunmu a nan: mutum baƙi, farar shadda, ranar tsaka. Kyamara na ƙoƙarin daidaita hasken duk abin da ke gabanta zuwa tsaka-tsaki. Da ta ga farin ya yi yawa sai ta rage haske gaba ɗaya, fuska ta nutse. Ga kuma rana a tsakiyar kai tana zuba inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hula. Idan ka ce masa "fuskar ta yi duhu" kawai, ya riga ya gani. Ce masa ya matsar da mutumin inuwar bishiya ko baranda, ya taɓa fuskar a allon waya kafin ya ɗauka, ko ya jira bayan la'asar lokacin da rana ta karkata. A lokacin hunturu ma hazo kan tausasa haske, fuska ta fito sumul. Wannan shawara ce da zai iya gwadawa gobe da safe.

Sauran ƙananan abubuwa ma haka: turken lantarki da ya tsiro daga kan ango, ƙafar da aka yanke a idon sawu, gilashin kyamara da maiƙon yatsa ya dusashe. Duk ka gan su, amma kada ka juye masa su rana ɗaya. Zaɓi wanda ya fi ɓata abin da ya ce yana son nunawa, ka bar saura zuwa wani zama. In kuma akwai abin da ya yi daidai, kira shi da sunansa: "Yadda ka durƙusa ka ɗauki yaron daidai tsayinsa, shi ya sa muke kallon idonsa." Irin wannan yabon ne ke sa mutum ya san abin da zai maimaita.

Akwai maganar da na daina saurare, wato "sai ka sayi babbar waya". Yawancinmu Tecno da Infinix da itel muke riƙewa, kuma wanda ke lissafin kuɗin makaranta ba shi da abin da zai yi da wannan shawarar. Inda ka tsaya, lokacin da ka ɗauka, da abin da ka bari ya shiga hoton, duk kyauta ne.

Wuri ma yana da muhimmanci. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma gyaran da aka yi a gaban mutum ɗari yakan zama tonon silili. Bi shi ta saƙon sirri, ko ku zauna bayan lakca. Abu ɗaya ne ba na jinkirta faɗinsa ko da ba a tambaye ni ba: idan na ga hoton almajiri yana barci, ko na wata baiwar Allah a kasuwa da alamar ba ta san an ɗauke ta ba, sai na tambaya, "Ka nemi izini?" Kyan haske ba ya wanke cin mutunci, kuma abin da ya hau intanet ba ya saukowa.

Ku kuma masu nuna hoto, ku taimaka mana. Maimakon "ya kuka gani?", ku ce "ina so a ji zafin ranar nan, an ji?" Tambaya mai kyau ita ke jawo amsa mai amfani.

Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai ba ta buƙatar kasafin kuɗi. A ba mu aji ɗaya da babu kowa, ranar Asabar bayan la'asar, awa ɗaya. Kowa ya zo da hoto uku, ya faɗi nufinsa, mutum biyu su faɗi abin da suka gani, a ba shi gyara ɗaya. Sati mai zuwa ya dawo da sabon hoton da ya gwada gyaran a kai.