Lemo da Murucin Bisa: Wa Za A Ba Ruwa?

Ya ku 'yan'uwana mata, in bazara ta kama a ƙasarmu ta Faskari, rijiya ta ja baya, garwar ruwa ta yi tsada, kowace uwargida takan zama alƙali. Ga tukunya, ga wanki, ga awaki, ga kuma shuke-shuken tsakar gida, kowa na jiran rabonsa. To, shari'ar da na kawo muku yau ta biyu ce daga cikin masu jiran nan, watau itacen lemo da wani tsiro da a ke kira murucin bisa. Duka biyu ina da su a gidana nan Ruwan Godiya, na kuwa lura abin da ke raya ɗaya shi ne ajalin ɗayan.

Lemo ba baƙo ba ne. Nawa irin mai zaƙin nan ne, mai siririn ɓawo, wanda in kin gan shi sai ki ce babban lemun tsami ne, alhali kuwa ba tsami a bakinsa ko kaɗan. A ƙasar Indiya ana noma shi da yawa, suna ce masa mosambi. In kin matse shi ki sha nan take, don in ya jima a kwano ɗaci ya kan yi. Bukatarsa ɗaya ce da ta lemun zaƙi da a ke kawo mana kasuwar Funtuwa daga Binuwai, saboda haka abin da zan faɗa ya shafe su duka.

Abu na fari, lemo ɗan ƙasa ne. Yana son rami mai zurfin ƙafa biyu da faɗin haka, a cika shi da ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a wurin da rana ke dukansa tun safe. Kada ki kai shi inda ruwa ke kwanciya da damina. In za ki saya, nemi mai aure. Wanda aka shuka daga ƙwaya ya kan ɗauki shekara 6 ko 7, wani ma ya fi, kafin ya haihu, amma mai aure shekara 3 ko 4 ta ishe shi. Akwai reshen cibiyar binciken lambu ta ƙasa a Bagauda ta jihar Kano, malaman gona kuma sun san inda a ke samun dashe na kirki. In kin dasa, ki bar gaɓar auren a bisa ƙasa, duk tohon da ya fito daga ƙarƙashinta kuwa ki tsinke shi, gama na uwar gindi ne, ba zai ba ki irin da ki ka saya ba.

Sai maganar ruwa, ita ce babba. Ruwan samanmu daga watan Mayu ne zuwa farkon Oktoba, sauran watannin kuwa lemo ba ya zubar da ganye ya yi barci kamar kuka, a farke ya ke yana shan iskar hunturu. Ƙaramin dashe na bukatar garwa guda ko biyu, sau biyu a mako. Gara a ba shi ya ƙoshi a bar shi kwana uku, da a riƙa yayyafa masa kullum. Amma fa kada ki kwarara a jikin gindi. Ki yi masa kewayen ƙasa kamar zobe, ruwa ya tsaya waje da zoben, don gindin da ke jiƙe kullum ya kan kamu da cuta, ɓawo ya tsage yana zubar da ƙaro, itace ya mutu a tsaye. Ruwan alwala da na ɗauraye hatsi sun yi, na wanki mai sabulu da gishiri kuwa a kai shi wani wuri. Ki shimfiɗa ciyawa bisa inda ki ke zuba ruwan, ki ja ta baya da gindi saboda gara. Awaki kuma ba sai na gaya muku ba.

Kun ji ɗawainiyar lemo. Yanzu ga maƙwabcinsa.

Murucin bisa ƙanwar maigidana ta kawo mini daga wajen Kafanchan, ɗan curi a cikin kwando. Yana cikin dangin furannin da Turawa ke kira okid, dangin da ya kai iri wajen 28,000 a duniya, mafi yawansu a ƙasashen zafi. Shi ba ya taɓa ƙasa. A dawa ya kan zauna a tsakanin rassan babban itace ko a wuyan giginya, ya fid da wasu saiwoyi farare su rungumi ɓawo, wasu kuma sirara su miƙe sama kamar baki na kwando, su tare busasshen ganyen da ke faɗowa. Ganyen nan in ya ruɓe shi ne abincinsa. Jikinsa kamar gajeren rake ne, a ciki ya ke ajiye ruwan rani. Furensa rawaya ne da ɗigon ja-ja-baƙi, shi ya sa Turawa ke danganta shi da damisa. Likita Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwa na Hausa a littafinsa na 1916, ya rubuta masa wani suna kuma, manta uwa. Tsofaffi sun ce da can a kan sa shi cikin maganin yaye. Ni dai ban ba ɗana ba, ba ni kuwa ba ku shawarar ku ba naku.

In kin binne saiwarsa cikin ƙasa da taki kamar lemo, kin kashe shi. Iska ya ke so ta riƙa ratsa saiwar, ta jiƙe, ta bushe da sauri. Nawa a kan mangwaro na ɗaure shi da tsumma har ya kama da kansa. Wadda ba ta da itace ta sami tukunya mai huji da yawa, ta cika da gawayi da tsingaro da ɓawon itace. Da damina ba ruwanki da shi. Da rani ragowar buta ta ishe shi sau ɗaya a mako, da safe. Hasken da ke tsiyayowa ta cikin ganye ya fi masa tsakar rana. 'Yan'uwansa da a ke sayarwa a lambunan Abuja da Ikko, masu faffaɗan farin fure, sun fi shi shagwaɓa ƙwarai, asalinsu kurmin Asiya ne mai laima, hunturunmu ba ya yi musu daɗi.

Akwai ƙazafin da a ke yi masa, lalle in wanke shi. Wata maƙwabciyata da ta gan shi sai ta ce, "Yaya, ai kauci ne ki ka ɗora wa mangwaronki, ki sa yara su sare shi." Ba kauci ba ne. Kauci tsuntsu ke manna ƙwayarsa a reshe, ya huda ɓawo ya shiga cikin itace yana tsotson ruwansa, har reshen ya bushe. Shi ne maƙiyin lemo, in kin gan shi a sare reshen daga bayan kumburin. Murucin bisa kuwa wurin zama kaɗai ya ara, ba ya cin ko ƙwayar mai masauki.

To, wa za a ba ruwa? A hukuncina garwa ta lemo ce. Kun san halin da mu ka shiga a shekarun nan, a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda aka kwashe yaran makaranta fiye da 300 a Disamban 2020. Sau da yawa gonar nesa ta gagari mai ita. Itacen da ke cikin katanga kuwa ba mai tare miki hanyarsa, ɗiyansa na yara ne in zazzaɓi ya hana su ci, rarar kuma a ɗora a faranti ta zama kuɗin sabulu da littafi. Wadda ke da garwa guda tak kada ta yi shakka.

Amma ban yarda da masu cewa fure aikin banza ne ba. 'Yan makaranta, ku riƙe wannan: ƙamshin banila da a ke sa wa kek da alewa daga ɗiyan wani okid ya ke fitowa, kuma yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, shi ya gano yadda a ke haɗa furensa da hannu a tsibirin Reunion cikin 1841. Da dabararsa manoman Madagaska ke aiki har gobe.

Roƙona ɗaya, kada a aiki kowa dawa ya ɓamɓaro shi, gama masu ɗiba sun sa ya yi ƙaranci a ƙasashe da dama, dawan ma ba ta shiguwa. In curi ya yi girma a kan raba shi, kowane kashi da kara 3 ko 4, a farkon damina. Lokacin ne kuma na dashen lemo, sai ku fara haƙa ramin tun yanzu taki ya kwanta.