A Yanka wa Yaro Gayaunarsa

Tun da Allah ya sa aikin da mu ke koyo a wannan makaranta shi ne renon 'ya'yan mutane, ina so in yi magana da 'yan'uwana a kan wata al'ada ta manoman ƙasarmu, wadda na ke gani ta fi littattafai da yawa bayyana yadda a ke sa yaro ya yi hankalin kansa. Al'adar kuwa ita ce gayauna.

Wanda ya tashi a ƙauye ya san gandu. Uba da 'ya'yansa maza su kan fita babbar gona tun da sassafe, a yi ta aiki har wajen azahar, abin da aka samu kuma na rumbun gida ne. A nan maigida ne mai magana, in ya ce gero za a shuka, gero ne. Amma kadan yaro ya fara ƙarfi, sai uban ya yanka masa 'yar gona a gefe, ya ce tasa ce. Da an tashi daga gandu sai ya nufe ta. Shi zai duba ko jigawa ce ko ƙasa mai laka, shi zai zaɓa ko gyaɗa ko rogo ko wake. In ya ga dama ya yi binne tun ruwa bai sauka ba, in ya ga dama ya jira shuka. In ya yi lalaci ya bar ciyawa ta riga shi, ranar kaka kowa zai gani, in kuwa ya samu, kuɗin na aljihunsa ne. Uban yana wucewa yana kallo, wani lokaci ya ga kuskure ƙuru-ƙuru ya yi shiru, domin ya san hasarar kwando biyu na gyaɗa ba ta kashe gida, amma abin da za ta koya wa yaron ba zai manta ba har ya yi furfura.

To, jama'a, a nan ne na ke ganin mu malamai mu kan gaza wa manoma. Ajinmu duk gandu ne. Mu ne mu ke kawo tambaya, mu ne mu ke kawo amsa, aikin yaro kawai ya haddace ya mayar mana ranar jarrabawa. Wanda ya mayar daidai mu ce mai ƙwazo ne, wanda ya ce, "Malam, don me?" mu ce ya cika surutu. Haka kuma a gida, yaro ya zo da igiya ta sarƙe, kafin ya gama kallonta an karɓe an warware masa, wai don tausayi. Sa'an nan ranar da ya girma ya rasa dabarar abin da ya dame shi, sai mu riƙe baki muna mamaki.

Sa'ad da aka tura mu koyon karantarwa a wata makarantar ƙauye, na gwada yanka wa yara gayauna a darasin lissafi. Akwai wata kuka a bakin filin wasa. Na ce musu ina son tsawonta, amma ba wanda zai hau, na ba su sanda mai ƙafa 4 da igiya, na koma gefe na zauna. Suka yi ta gardama, waɗansu suka ce a jefa dutse da igiya, aka gwada ta maƙale. Can sai wani yaro wanda ba ya cika magana a aji ya kafa sandar a ƙasa ya auna inuwarta, ta zo ƙafa 6. Ya ce to ai kowane abu inuwarsa ta fi shi da rabinsa a wannan lokaci. Suka ruga suka auna inuwar kukar, ƙafa 60, suka yi ta ja-in-ja har suka tsaya a kan 40. Abin ya ci mana darasi guda cur, da kuwa a allo na rubuta musu da minti biyar ya isa. Amma da gari ya waye sai ga su sun zo mini da tsawon hasumiyar masallaci da na giginyar bayan gari, ba wanda ya aike su.

Kada a ce wannan baƙon abu ne daga Turai. Tsofaffinmu mata da su ke tara jikoki da dare suna yi musu kacici-kacici ba su kan faɗi amsa ba sai yara sun gaji sun ba da gari. Akwai kuma tatsuniyoyin da a ke ƙare su da tambaya, a ce cikin mutanen nan uku wa ya fi cancanta, a bar yara su yi ta kawo hujja. Dubi dara ma, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ba mai jera uku ya ci sai wanda ya hango abin da abokinsa zai yi kafin ya yi. Ai su suka ce matambayi ba ya ɓata.

Na san wani zai ce, in aka sake wa yaro baki ladabi zai tafi. Tsoron nan yana da dalili, amma gayauna ba ta rushe gandu. Yaron da ke da ita yana nan yana durƙusa wa ubansa, yana fita aikin gida da safe. Abin da za mu koya masa shi ne ya yi tambaya cikin ladabi, ya kawo hujja, in an fi shi hujja ya sallama. Kuma a kan yanka gona gwargwadon ƙarfin mai ita: ɗan shekara 5 a bar shi ya ɗaura igiyar akuya da kansa, ɗan shekara 10 a ba shi kuɗin cefane ya yi ciniki ya kawo lissafi. Abin da ya shafi wuta ko rijiya kuwa, wannan na manya ne.

Mu tuna Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai. Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk aikin allo da alli aka koya musu a can, amma kafin 1960 al'amarin ƙasa ya faɗo hannunsu, babu kuwa littafin da ya tanadar musu amsarsa. Yaran da za a ba mu su ma haka ne. Ga shi yanzu wayar hannu tana ba yaro amsa ɗari kafin ya rufe baki, gaskiya da ƙarya a gauraye, ba mai iya tsince su sai wanda ya saba auna magana tun yana ƙarami.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana, kowa in ya sami ajinsa, ko gidansa, ya ware ko da tambaya ɗaya ce a mako wadda zai kame bakinsa a kanta, ya bar yara su yi ta fama har su fitar da kansu. Haƙurin yin shirun nan ya fi yin bayani wuya, amma icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar da za a ɗora mana, amin.